Mai Ido Biyu ko Dogo: Tafiyarmu Fadamar Gummi

Tun ranar da muka dawo daga Gummi ban samu na yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Sani, ba mu labari, wai da gaske ka yi gudu cikin taɓo babu takalmi?" In na ɗauko daga farko, kafin in kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma baya. Shekaranjiya har wuyan rigar wani na yanka a karkace saboda surutu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in koma kan kekena.

Ni tela ne a Anka. Wana, Yaya Isah, shi ne maharbi. Shi ya ɗauki bindigar mahaifinmu, ni na ɗauki allura. Daminar da ta wuce wani gyado, aladen daji ke nan, ya addabi gonar gyaɗar Alhaji Bawa mai kayan gwanjo. Yaya ya yi kwanaki yana dakonsa har ya kashe shi, ya kuma ƙi karɓar komai. Alhaji bai manta ba. Rannan ya aiko a kira mu, muka tarar ya shimfiɗa tabarma ya aza wasu abubuwa biyu da ya tsinta a cikin wata dilar kaya.

Madubin hangen nesa ne duka biyun. Ɗaya gajere, mai ido biyu, da igiyar ratayawa a wuya, bai fi girman kwanon sha ba. Ɗayan kuwa dogo ne kamar taɓarya ta gunta, ido ɗaya gare shi, kuma ba ya aiki sai an kafa shi a kan wasu ƙafafu uku na ƙarfe. Yana da wani zobe a wuya wanda in ka murɗa, abin da kake kallo ya riƙa matsowa har ka ji kamar ka kai hannu.

Alhaji ya ce, "Ɗaya naka na, Isah. Ɗayan na riga na yi ma wani alkawali. Ku tahi da su duka ku gwada, ranar kasuwa ku maido min wanda ba ku so."

Tun a hanyar gida gardama ta tashi. Yaya ya rataya mai ido biyu a wuya, ya ce shi ya gama zaɓe. "Maharbi da ƙahwa yake hwarauta. Wa zai tsaya kafa turke alhali gada na gudu?" Ni kuwa dogon ne ya shiga raina. Na kafa shi a ƙofar gida na hango hasumiyar masallaci, na ga wata tattabara zaune, har ƙwayar idonta. Na ce, "Yaya, naka yana gaya maka akwai abu a can. Nawa yana gaya maka mene ne." Ya ce wannan maganar masu zaman shago ce.

Innarmu ta gaji da mu. Ta ce in gwaji muke so mu tafi wajen Bello, ɗan Gwaggonmu, da ke noman shinkafa a bakin fadamar Gummi, ya daɗe yana cewa dinya ta cika wurin. Dinya kuwa kun san ta, babbar agwagwar ruwan nan mai wayon tsiya, ba ta bari a matso ta. Dajinmu na nan kusa, yadda zamani ya zama, ba mai shiga da nisa. Fadama kuwa fili ce, ido yana tafiya iyakar ƙarfinsa. Muka yanke cewa ba za mu ɗauki bindiga ba, Bello yana da ta toka. Na naɗe dogon da ƙafafunsa cikin wani tsohon bargo, na ɗaure da ƙyalle, na rufe shago.

Da hantsi muka hau wata ƙaramar mota a tasha. Mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, ga akuya a but, wurin kaya, tana ta kuka kamar ta san inda za a kai ta. Na riƙe ƙunshina a tsaye tsakanin gwiwoyina, kansa ya taɓo rufin mota. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙa satar kallonsa tana matsawa, ko da yake babu wurin matsawa.

Masu tambayata ko mun ƙetare iyakar ƙasa, ba mu ƙetare ba. Amma wanda ya bi hanyarmu ya san kowane shingen jami'an tsaro iyaka ne mai zaman kansa. Biyu na farko muka wuce lafiya. A na uku, cikin ƙasar Bukkuyum, wani jami'i dogo ya leƙo, idonsa ya sauka a kan bargona.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Madubi ne, ranka ya daɗe."

"Madubi? Fito da shi."

Na fito. Garin kwancewa ƙafafun ƙarfen suka zame suka faɗi a kwalta da ƙara, ga baƙin bututun nan a hannuna. Wallahi kafin in ɗaga kai fasinjojin motarmu sun watse, tsohuwar nan har ta kai gindin wata bishiya tana salati. Jami'ai biyu suka gyara riƙon bindigoginsu. Sai a lokacin na kalli abin da idon wanda bai san shi ba, na ga lalle bai yi kama da kayan mutumin kirki ba. Kuma ko an yarda madubi ne, kowa ya san irin mutanen da ke son hangen gari daga nesa a wannan zamani.

Yaya bai ruɗe ba. Ya ɗaga hannuwansa, ya ce a ba shi izini ya ciro katin ƙungiyar maharba daga aljihu. Ya ciro, ya kuma ciro mai ido biyun daga jakarsa da kansa, ya ba da lambar Alhaji Bawa. Aka kira Alhaji, muka ji muryarsa tana fitowa daga wayar yana rantsuwa yana bayani. Direba kuwa sai zagaye yake yana cewa shi fa rana na yi masa. Jami'in ya ce to in madubi ne in kafa ya gani.

Na kafa shi. Na saita can kan wata gona mai nisa inda ake sheƙar dawa, na ja da baya. Jami'in ya sunkuya ya sa ido. Ya ɗago ya duba da idonsa, ya sake sunkuyawa. Sai ya fashe da dariya, ya ce, "Kai! Matar can goyonta ya zame, kuma ba ta sani ba!" Nan fa sauran suka yi layi. Har tsohuwar motarmu ta dawo ta ce ita ma a nuna mata, ta sa idon da ta rufe maimakon wanda ta buɗe, ta ce ita ba ta ga komai ba sai duhu.

Jami'in ya rubuta sunayenmu da inda za mu, sannan ya ja Yaya gefe. Na ji yana cewa, "Ku kiyaye. Kada ku kafa shi kusa da gari ko kusa da shinge. In kun isa, ku fara gaya wa mai unguwa." Gaskiya ya faɗa, muka kuma bi.

Ba mu zarce Gummi ranar ba. Inna ta ce in muka wuce Gwaggo Hajo a Nasarawa Burkullu ba mu gaishe ta ba, kada mu dawo mata gida. Muka sauka a mararraba muka hau babura. Hanyar ƙasa ce, ruwan damina ya yayyanka ta, mai babur ɗina kuma yaro ne a zuciya ko da yake da furfura a gemunsa. Duk ramin da muka faɗa, ƙafar dogon ta soke ni a haƙarƙari. Yaya na gaba da nasa a wuya, hannunsa sake, yana waiwayowa yana min dariya. "Yaya kaya, tela?"

Gwaggo ta tare mu da guɗa. Ta dama fura da nonon da aka tatso da safe, mai kauri, ludayi na tsayawa a ciki. A Anka in an ce nono, sai ka yi addu'a kada ruwa ya fi yawa. A can maƙwabcinta Bafulatani ne, Manu, katanga ɗaya ta raba su, kuma ƙwaryar nono kan tsallako katangar kowace safiya, ƙwaryar gero ta tsallaka can. Ta kawo hoce da kuli-kuli da yaji, muka ci har na kwance maɓallin wando.

Muna cikin hira bayan la'asar Manu ya shigo hankalinsa a tashe. Wata saniyarsa mai tsohon ciki ta ɓalle daga garke tun azahar, ya duba ko'ina. A yanzu in saniya ta kwana a waje, ba a cika sa ran ganinta ba. Muka kalli juna ni da Yaya. Gwaggo ta aika aka gaya wa mai unguwa, ya ce a je, muka fita bayan gari muka hau wani tudu.

Nan ne na sha kunya. Ina ta fama da ƙafafu uku, wannan ta miƙe wannan ta lanƙwashe, ƙasa ba daidai ba. Da na samu ya tsaya na sa ido, sai na ga ganye kawai, manya-manya. In na motsa shi kaɗan sai in tsallake gona guda. Kamar mai neman allura ta cikin ramin allura. Yaya kuwa yana tsaye, yana juyawa a hankali daga gabas zuwa yamma, idanu biyu a buɗe. Bai gama zagaye ɗaya ba ya ce, "Manu, hwara ta, da baƙi a wuya?"

Manu ya ce, "Ita ta! Ita ta!"

"Ga ta can gindin kalgo, bakin kwazazzabo. Kuma ba ita kaɗai ba, ta haihu."

Manu ya karɓi madubin ya duba, ya yi wata magana da Fulatanci da ban gane ba, ya ruga a guje har sandarsa ta faɗi. Kafin magariba ya dawo da ɗan maraƙi a kafaɗa, uwar na biye. Yaya kuwa sai ya riƙa shafa mai ido biyun yana waƙa ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta ce, "Sani, wanga naka ko shanyar kaya za a yi da shi?" Na ci tuwona na kwanta.

Washegari muka koma kan titi, muka samu wata motar, kafin azahar muna Gummi. Bello taubashinmu ne, don haka tun kafin mu sauke kaya ya fara. Ya ce ya ji labari tun jiya, wai wani tela ya tayar da hankalin hukuma da taɓarya. Ya kai mu gaban mai unguwarsu muka yi bayani, sannan muka wuce gida.

Mutanen bakin gulbi daban suke da mu. Mu tuwon dawa muka sani da miyar kuka, kifi kuwa sai busasshe, shi ma ɗan gutsure a ji ƙamshi. Su tuwon shinkafa matar Bello ta kawo, da miyar ɗanyen kifi, kowa da guda sukutum a gabansa. Na ga yara suna zare ƙaya da harshe suna tofarwa kamar masu cin gyaɗa. Ni da na gwada, ƙaya ta tsaya min a maƙogwaro, sai da aka ba ni lomar tuwo uku na haɗiye ba tauna. Sauronsu kuma, Allah ya kiyaye, tun rana ba ta faɗi ba yake fitowa aiki. A ɗakin zaure muka sauka, Bello ya ba mu gidan sauro ɗaya, ya ce mu yi ta gardama a kansa tun da mun saba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wasunsu ke kama agwagwar ruwa ba harbi. Bello ya ce sukan saki ƙoren duma a kan ruwa kwana da kwanaki har tsuntsaye su saba da su. Ranar kamu sai mutum ya huda ɗaya ya kifa a kansa, ya shiga ruwa har wuya, ya taho a hankali cikin garken, ya riƙa jan su ta ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce wannan ba farauta ba ce, sata ce. Bello ya ce mai jin tsoron ruwa dole ya faɗi haka.

Da muka idar da sallar asuba muka nufi gulbi. Bello ya ba Yaya bindigar toka, ya ɗura ta a gabanmu. Kwalekwalen da muka shiga ɗan siriri ne, bakinsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Ni ban taɓa hawan ruwa ba. Na rungume dogon, na rufe ido, na karanta duk abin da na haddace tun makarantar allo. Bello yana tuƙi yana girgiza jirgin da gangan.

A ƙetare ya ce shi zai tsaya ya duba komarsa. Ya nuna mana wani suri babba a bakin fadama, ya ce daga kansa ana ganin ko'ina. Muka bi ta cikin karan shinkafa, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Muna hawa surin gari na wayewa, sai ga su can nesa a bakin wani tabki, dinya fiye da yadda zan iya ƙirgawa, baƙaƙe da farin ƙirji, suna kiwo hankali kwance. Ko Yaya da ya tsufa a daji na ji ya ja numfashi.

Shi ya fara dubawa, don ni ina kan fama da ƙafafu. Can sai ya kama hannuna ya matse.

"Sani, burtu!"

Ya miƙo min mai ido biyun. Tsakaninmu da tabkin akwai ciyawa mai tsayi, kuma a cikinta na ga baƙin kai mai dogon baki yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana cirar ƙasa, ga baƙin baya na bin sa. Burtu sosai, babban baƙin tsuntsun nan mai kiwo a ƙasa. Ga wanda bai sani ba, kan burtu dukiya ce a wurin maharbi. Akan busar da shi a ɗaura a goshi, mutum ya yafa baƙin zane ya yi rarrafe, namun daji su ɗauka tsuntsu ne har ya zo kusa. Na mahaifinmu ya daɗe da rududdugewa, Yaya ya yi shekaru yana neman wani bai samu ba.

Ya ce, "Dinya na nan gobe. Wanga ba ya jira." Ya kashe wayarsa kada ta yi ƙara, ya zame daga surin, ya shige ciyawa da bindiga a hannu.

Ni kuma na ƙarasa kafa dogon. Ba don komai ba, so nake in ga burtu da kyau, in samu abin faɗa a shago. Na sha wuya kafin in kamo shi. Da na kamo na murɗa zoben, kan ya matso. Na ga bakin, na ga jan wuyan. Amma idon bai yi min ba, ba ya ƙiftawa, ba ya sheƙi. Na ƙara murɗawa, na sauko kan bayansa.

Sai na ga faci.

Faci ne mai kusurwa huɗu, na baƙin yadi a kan baƙin yadi, an ɗinke shi da hannu da farin zare, ɗinkin ma a karkace. Shekara ashirin ina ɗinki, ko a mafarki na ga faci na san shi. Ciyawa ta ɗan buɗe, na ga diddigen mutum, da faso.

Na ɗago kai. Can hagu ciyawa na motsi inda Yaya ke rarrafe, ya riga ya ci fiye da rabin tazarar. Na ciro waya, na tuna ya kashe tasa. Na buɗe baki na kwarma ihu, "Yaya! Mutum na! Mutum na!" Iska daga wajensu take busowa, ta maido min da muryata.

Ban san sa'ad da na diro daga surin ba. Na ji ƙafata ta ture ƙafafun dogon, ban waiwaya ba. Na faɗa fadama a guje ina ihu ina kaɗa hula. Taku kaɗan taɓo ya riƙe takalmin dama, na bar masa. Na hagu ma ya bi. Na faɗi rub da ciki, na tashi da laka a baki, na ci gaba. Daga nan ƙasa ba na ganin kowa, ciyawa ta rufe ni, ina dai gudu inda nake zato ina kiran sunan Yaya, ina kiran sunan Allah. Kowane taku ina jiran in ji ƙarar bindiga.

Dinyoyin ne suka fara jina. Gaba ɗaya suka tashi, fukafukansu na kaɗawa kamar ana kakkaɓe tabarmi ɗari, sama ta yi baƙi. Na ɓullo wani ɗan fili, sai ga Yaya a durƙushe, gindin bindiga a kafaɗa, kunci a manne. A gabansa kuma, tazarar da ba ta fi daga shagona zuwa bakin titi ba, burtun ya miƙe tsaye da ƙafa biyu.

Wani tsoho ne ɗan ƙanƙane, da baƙin zane a kafaɗa da kan tsuntsu a goshi, da tasa bindigar a hannu. Ni yake kallo, kuma ransa a ɓace yake ƙwarai.

"Wane mahaukaci na wanga? Tun asuba nike jan ciki! Kai ɗan wa na?"

Sai na nuna masa Yaya da hannu. Ya juya. Ya ga bakin bindiga na kallon ƙirjinsa, don Yaya ya sandare a yadda yake, ya kasa ko saukewa. Tsohon ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa kan burtun da ke goshinsa, kamar yanzu ya tuna da shi.

Ya ce, "Innalillahi. Ashe na iya."

Ni na je na zare bindigar daga hannun Yaya. Kunamarta a ɗage take, saura harbi kawai. Ya zauna daɓas cikin laka, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga hawayensa ba. Tsohon ya zo ya tsuguna a gabansa, ya dafa shi. "Tashi, ɗana. Kwanana ba su ƙare ba. Kuma ba kai ka hwara ba, wani ya taɓa jihwa ta da gora."

Sunansa Baba Dango, daga wani ƙauye a wancan gefen fadamar. Ya ce sai ya ga abin da ya tone masa asiri. Muka koma surin, na tarar da dogon a kwance cikin ciyawa, na ɗauka gabana na faɗuwa, don amanar mutane ce. Allah ya sa laka kawai ya kwasa. Na goge shi da gefen rigata na kafa. Baba Dango ya ajiye zanensa a kan wani kututture can nesa, ya dawo ya duba da mai ido biyu, ya ce baƙin abu kawai yake gani. Ya sa ido a dogon, ya daɗe. Sai ya ce, "Kai, wagga mata tawa! Na ce mata ta nemi baƙin zare, ta ce babu." Ya ɗago yana dariya. "Yau sai na ba ta haƙuri."

Ya rantse sai mun bi shi gida. Bello ya iso yana tambayar ihun me ya ji, muka tafi tare, ni ba takalmi. Matar Baba ta kawo kunu da gasasshen kifi. Da ta ji labarin ta saki ludayi, ta yi ta sa min albarka har na rasa inda zan sa kaina. Na duba facin nan da kyau a hannuna, na ce a bar shi yadda yake, kada a taɓa. Yaya bai ci komai ba, ruwa kawai ya sha. Da za mu tafi Baba ya shiga ɗaki ya fito da wani kan burtu naɗe a fata, ya aza a cinyar Yaya.

"Biyu gare ni. In kai kaka so, ai sai ka tambaya."

Yaya ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Ba mu sake fita farauta ba. Ko dinya ɗaya ba mu kawo gida ba, masu tambayar rabonsu su yi haƙuri. Bello ya ara min silifa, ɗaya ta fi ɗaya girma, washegari ya raka mu tasha, kuma karon farko a rayuwarsa bai tsokane ni ba. Hanya ta yi kyau, Allah ya kawo mu lafiya.

Tun daga Gummi Yaya yake ta kallon taga. Sai da muka fara hango gidajen Anka ya cire mai ido biyun daga wuyansa, ya naɗe igiyar a jikinsa, ya sa a jaka.

Na ce, "Yaya, shi fa ya gano saniyar Manu. Don tafiya a daji ya fi, ni ma na yarda."

Ya ce, "Na sani. Da shi na ga burtu kuma. Dogon za mu ɗauka. Amma ba ya ɗaukar kansa, kuma ba ya ihu. Ranar Asabar kana buɗe shago?"

Na ce Asabar ce ranar da aiki ya fi yawa.

Ya ce, "To ka gaya ma mutanenka su riƙa kawowa Juma'a. Ni dai ba ni sake ɗaga bindiga ga abin da ba ka duba min ba."